Darasi na 9: Shirya Tafiyar Yini Guda Daga Zariya Zuwa Dam ɗin Tiga

Mutanen Zariya da yawa sun bi hanyar Kano ba adadi, amma ba su taɓa ratsewa sun ga ruwan Tiga ba. Kasuwa ke kai su, ko biki, ko ta'aziyya. Fita don buɗe ido kawai, wasu na ganin sai masu kuɗi. Ba haka ba ne. Mutum huɗu ko biyar suna iya haɗa kuɗin mai, su fita da safe, su dawo a yinin. A wannan darasi za mu koyi lissafin lokaci da na kuɗi, da abin da ake dubawa kafin a tashi.

Ina ne Tiga?

Tiga tana ƙaramar hukumar Bebeji a jihar Kano. An gina madatsar daga 1971 zuwa 1974, zamanin gwamna Audu Bako. Kogin Kano aka datse, ruwan ya taru ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita 178. Daga nan ake sakin ruwa ta magudanai zuwa gonakin noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure. Tumatir da shinkafa da alkamar da ake nomawa a can, ruwan Tiga suke sha. Wataƙila ma tumatirin miyarka na jiya daga can ya fito.

Akwai duwatsu a gefen ruwan, akwai masunta da kwale-kwalensu, akwai tsuntsaye. Kusa da nan kuma akwai tafkin Bagauda, wanda bai kai Tiga girma ba. Madatsarsa ta taɓa ɓallewa a watan Agusta na 1988, ta yi ɓarna mai yawa.

Hanya

Daga Kwangila za ka kama babban titin Kano. Za ka wuce Hunƙuyi, ka wuce Tashar Yari, ka isa Kwanar Ɗangora. A nan ka shiga jihar Kano. Tsaya ka sha ruwa, ka tambayi direbobin tasha inda za ka ratse zuwa Tiga da halin da hanyar take ciki a makon nan. Su ne ke bin ta kullum, kuma matambayi ba ya ɓata. Ga yadda ake tambaya:

"Salamu alaikum, Malam, sannu da aiki. Don Allah Tiga muka nufa, ta ina ya fi?"

"Maraba, Alhaji. Yau za ku dawo ko kwana za ku yi?"

"Yau, in Allah ya yarda."

"To, kada ku bari la'asar ta yi sanyi kuna can."

Maganar direban nan ita ce gindin darasin.

Lissafin lokaci: daga dawowa ake farawa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsayar da lokacin tashi, a bar na dawowa ga sa'a. Sai hira ta yi daɗi a bakin ruwa, duhu ya riski mutane a hanya da mata da yara. Tuƙin dare a titin Kano ba abin so ba ne: ga manyan motoci, ga fitilu masu kashe ido, ga motar da ta lalace aka bar ta a kan titi ba alama.

Saboda haka fara da tambayar kanka: ƙarfe nawa nake so in shiga gida? A watan Nuwamba magariba na yi wajen ƙarfe 6:00 a Zariya. Sa 5:30 a matsayin lokacin isowa. Ware wa hanya awa biyu da rabi, har da tsayawa. Cire awa biyu da rabi daga 5:30, saura 3:00. Ke nan ƙarfe 3:00 mota ta bar Tiga, ko kifin da aka sa a wuta bai gama gasuwa ba. In kun tashi daga gida ƙarfe 7:00 na safe, za ku isa wajen 9:30. Kun sami awa biyar da rabi a bakin ruwa, kun yi azahar a can, la'asar kuwa a hanya. Ya isa.

A faɗa wa kowa wannan lokaci tun a gida, don kada a yi ta ja-in-ja a can.

Wane wata ya fi?

A ganina, Oktoba da Nuwamba. Damina ta ɗauke, dam ya cika, ciyawa ba ta bushe ba tukuna. A Disamba da Janairu hazon hunturu na rufe ido, ba za ka hango ƙetaren ruwan ba. Maris da Afrilu zafi ne, ruwan kuma ya ja baya. A tsakiyar damina ƙananan hanyoyi na caɓewa.

Lissafin mai

Wannan misali ne, kai za ka sa naka adadin. A ce zuwa da dawowa kilomita 240 ne. A ce motar na cin lita ɗaya a kowace kilomita 10. Raba 240 gida 10, ka sami lita 24. Ƙara lita 6 saboda ɓatan hanya da zagaye, ya zama 30. Ninka 30 da kuɗin lita na ranar, sannan a raba tsakanin masu tafiya. A sha mai tun a Zariya. A kuma ware wani abu daban na mai faci ko bakanike, kada a taɓa shi wajen sayen tsire.

Mota da guzuri

Ranar jajibiri kai motar wurin bakanike ya duba birki, baƙin mai, ruwan lagireto da fitilu. Duba iskar taya, har da safaya, ka tabbata jak na cikin but. Lasin tuƙi da takardun mota su kasance a hannu, domin akwai shingen jami'ai a hanya. In birki na wasa, a ɗage tafiyar. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Rubuta lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, 122, a takarda, ka cika wayarka da caji, ka shaida wa wani a gida inda kuka nufa.

Guzuri ba wuya: ruwan sha mai yawa, dambu ko shinkafa a kula, tabarma, buta, da buhun da za a kwashe shara.

A bakin ruwa

Nan ne ake son natsuwa. Ruwan dam na iya zama iya gwiwa a nan, taku biyu gaba ya shanye mutum. Kada a bar yaro shi kaɗai ko na ɗan lokaci. Wanka ma gara a haƙura, ko da an iya iyo, saboda tsargiya. Ƙwayar cutar na fitowa daga wasu ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwa mara gudu, ta shiga ta fata, bayan makonni mutum ya fara fitsarin jini.

In za a shiga kwale-kwale, ƙirga mutanen da ke ciki. In ya cika, jira na gaba. In akwai rigar kariya, sa ta, ba kunya ba ce. A ƙarshen 2021 jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, mutane da dama suka rasu, yawancinsu yara ɗalibai. Lodi ne ya yi masa yawa.

Dajin Falgore fa?

Daga kudancin ruwan Tiga dajin Falgore ya fara, titin Kano zuwa Jos ya ratsa ta cikinsa. Daji ne mai kyau da girma, amma ya sha zama maɓoyar ɓarayin shanu da 'yan fashi. A tafiya irin wannan ta iyali, a bar shi. Wanda kuma kuɗin man bai samu ba a bana, ya gwada dam ɗin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, a kan rafin Kubanni, da irin wannan lissafi.

Aiki

1. A wace shekara aka gama gina madatsar Tiga?
2. Kana so ka isa gida ƙarfe 5:00, hanya na cin awa biyu da rabi. Ƙarfe nawa za ka baro Tiga?
3. Tambayo kuɗin lita a gidan mai na unguwarku. Nawa ne kuɗin lita 30? In ku biyar ne, nawa kowa zai biya?
4. Rubuta wa ɗan'uwanka saƙo na layi uku: inda za ku, da su wa, da lokacin dawowa. Kawo shi aji mai zuwa a karanta.