Kurakuran da aka fi yi a ajin koyon lura da hankali, da yadda ake gyara su

A mako na biyu ko na uku ne kujeru ke fara zama wayam. Duk wanda ya taɓa shiga ajin koyon lura da hankali, abin da Turawa ke kira mindfulness, irin wanda ake buɗe wa jama'a don rage damuwa, ya san haka. Ranar farko ɗaki maƙil, kowa ya zo da abin da ke cin sa: wannan barci ya ƙaurace masa, waccan aiki ya sha mata kai, wani kuma likita ne ya ce ya nemi abin da zai riƙa kwantar masa da hankali. Kafin a yi nisa sai a nemi wasu a rasa. In ka haɗu da ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi lafiya, amsar kusan iri ɗaya ce: "Ni fa abin nan ba nawa ba ne, da na rufe ido tunani ke rufe ni."

Ni ma na faɗi wannan maganar, kuma ita ce uwar kurakuran. Mutum ya shigo aji da zaton an kira shi ne ya share kansa tas, kada tunani ko ɗaya ya gifta. Malama ta ce a zauna a lura da numfashi, ya lura da biyu ko uku, sai ya farga yana can yana rigima da wani a zuci kan maganar da aka yi shekaranjiya. Nan take ya yanke wa kansa hukunci: ya faɗi jarrabawa.

Babu wanda ya ce ka hana kanka tunani, domin ba mai iyawa. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya zaunar da mutane ya ce su yi minti biyar kada su tuna da farin beyar, dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara, kuma duk sa'ad da ta faɗo musu a rai su kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta ƙara, fiye da sau ɗaya a kowane minti. Da aka sake musu mara daga baya, sai tunanin dabbar ya yi musu rubdugu fiye da waɗanda ba a taɓa hana su ba. A 2010 kuma Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na Jami'ar Harvard sun riƙa taɓo mutum 2,250 ta wayoyinsu a lokutan da ba su zata ba, suna tambayar su abin da suke yi da kuma inda hankalinsu yake. Kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan, jiki na nan hankali na can. Wato yawon da ka kama hankalinka yana yi ba ajin ne ya jawo shi ba, kuma ba cutarka ce kai kaɗai ba. Da ma haka yake yi tun safe har dare, yau ne ka zauna ka gan shi da idonka.

Gyaran shi ne ka san mene ne aikin. Makiyayi ba ya fushi don akuya ta ratse, da ma ratsewa sana'arta ce, tasa sana'ar ita ce ya gani ya juyo da ita. Lokacin da ka farga cewa ka tafi, wannan fargar ita ce abin da aka zo koya. Sai ka ce a ranka "tunani," ko "shiri," ko "tuna baya," kalma ɗaya tak, ka komo kan numfashi. In sau talatin ka ratse cikin minti goma, sau talatin ka yi atisaye. Kalmar da Turawa suka fassara suka samo sunan wannan abu daga harshen Pali take, harshen tsofaffin littattafan mabiya Buddha, kuma asalin ma'anarta na da alaƙa da tunawa. Tunawa da me? Da cewa kana nan.

Akwai ƙanen wannan kuskure, wanda ya fi shi ɓarna a ganina: yadda ake dawowar. Wasu sun gane cewa dawowa ake so, amma da bulala suke dawo da kansu. "Ka ga, ka sake. Kai ba ka da amfani." Wanda ya yi minti ashirin yana zagin kansa, damuwa ya ƙara wa kansa, sai dai a zaune ido rufe. Wani dattijo a ajinmu ya taɓa cewa, "Malama, ni kam ƙwaƙwalwata ta lalace, ba ta jin magana." Ta ce masa, "Baba, da jikanka ne ke koyon tafiya ya faɗi, da wace murya za ka ɗaga shi?" Ya yi dariya bai ce komai ba. Muryar da za ka yi wa kanka magana da ita ke nan.

Sai batun numfashi. Da an ce "lura da numfashinka," mutane da yawa sai su karɓe ragamarsa: su ja dogo, su riƙe, su huro da ƙarfi. Bayan ɗan lokaci jiri ya kama su, su ji yatsunsu kamar ana tsira musu allura. Dalilin a fili yake: yawan jan numfashi mai zurfi da sauri na rage iskar kabon da ke cikin jini, shi ke kawo jirin. Ba a ce ka gyara numfashin ba, kallon sa aka ce ka yi, gajere ne ko dogo, a hanci ka fi jin sa ko a ciki. In ka ga da ka sa masa ido sai ya takura, ƙyale shi. Mai da hankalinka kan tafin ƙafarka da ke taɓa ƙasa, ko nauyin hannuwanka a cinya, ko sautukan da ke zuwa suna wucewa. Duk ɗaya ne, turke ake nema, ba lalle sai numfashi ba. Masu fama da asma ko firgita sukan fi samun sauƙi ta nan.

Zama kuma ba sai ka harɗe ƙafafu kamar na cikin hoto ba. Kujera ta wadatar: ƙafa a ƙasa, baya a miƙe amma ba a sandare ba. In gwiwa ta yi tsami ka gyara zama, ba gasar juriya ake yi ba. Masu yin minshari a lokacin atisayen bin sassan jiki, wanda akan yi a kwance daga yatsun ƙafa har zuwa ka, kada su ji kunya, jiki ne ke karɓar bashinsa. Su buɗe ido, ko su yi shi a zaune, ko su canza lokaci.

Yanzu ga inda yawancinmu muke cutar kanmu. Ajin da aka fi kwaikwayo a duniya shi ne wanda Jon Kabat-Zinn ya fara a 1979 a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Massachusetts, ana kiran sa MBSR a taƙaice, kuma marasa lafiya masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya fara da su. Tsarinsa mako takwas ne, haɗuwa sau ɗaya a mako na kimanin awa biyu da rabi, da yini guda na shiru wajen mako na shida. Amma ƙashin bayansa aikin gida ne: minti 45 a rana, kwana shida a mako. Kalmar Pali ɗin da na ambata ɗazu, ka san yadda ake furta ta? Sati. Na daɗe ina dariyar wannan, domin akwai waɗanda suka ɗauke ta da ma'anarta ta Hausa, sati-sati suke yi, sai ranar aji. Wasu kuma sun ajiye abin sai ranar da hankali ya tashi, zuciya na dukan uku-uku, sannan su ce bari su gwada, ya ƙi aiki, su ce ƙarya ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba ina cewa sai ka cika minti 45 ba. Wani nazari na 2017 da ya tattara bincike 43 ya gano cewa mahalarta kan yi kimanin kashi 64 cikin 100 na aikin gidan da aka ba su, wajen rabin awa ke nan a rana, kuma waɗanda suka fi yi sun ɗan fi amfana. Kuskuren shi ne ka ce ko duka ko babu: yau ba ni da minti 45, don haka ba zan zauna ba. Minti goma kullum ya fi awa guda ranar hutu. Ka ɗaura shi a jikin abin da da ma kake yi kowace rana ba fashi, misali da zarar ka wanke baki da safe, kafin hannunka ya kai ga waya. Waya ita ce ɓarauniyar, in ka buɗe ta "don duba abu ɗaya" an gama. In sautin malama kake bi a cikinta, sauke shi tun da dare, ka kashe intanet.

Wani kuskuren shi ne auna kowane zama da ma'aunin daɗi. Yau na ji sanyi a rai, zama ya yi kyau. Gobe na ji ƙunci, zama ya lalace. Sau da yawa makonnin farko sun fi wuya, domin hayaniyar da ke rufe gajiya da ɓacin rai ce ka kashe, sai ka fara jin su sosai. In kana son ka san ko abin na aiki, kada ka duba kan kujera, duba wajenta. An aiko maka da saƙo mai zafi, ka mai da martani nan take kamar da, ko ka ji kafaɗunka sun ɗaure ka ɗan dakata? Wannan ɗan dakatawar ita ce ribar, kuma ba ta da ƙara, shi ya sa ake raina ta.

Gara kuma a san iyakar abin tun da wuri. A 2014 mujallar likitoci ta JAMA Internal Medicine ta wallafa nazarin gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 3,515. Sakamakon: akwai matsakaiciyar hujja cewa yana rage fargaba da ciwon damuwa da raɗaɗin jiki, raguwar kuma ba mai yawa can ba ce, sannan ba a ga ya fi motsa jiki ko magani ba. A 2022 wani gwaji a Amurka ƙarƙashin Elizabeth Hoge, da mutum 276 masu ciwon fargaba, ya nuna ajin mako takwas ya yi kusan kunnen doki da escitalopram, wani maganin ciwon fargaba. Abu ne mai amfani, ba tantama. Amma malamin da ya ce maka zai warkar da komai, riƙe jakarka ka nemi ƙofa.

A nan ne kuskure mafi haɗari yake, ko da yake ba shi ne mafi yawa ba. Wani ya ji sauƙi a mako na huɗu ya watsar da maganin da likita ya ɗora shi a kai. Kada ka yi, wasu magungunan ma dakatar da su farat ɗaya ciwo ne mai zaman kansa. Wani kuma da ya rufe ido sai wani mugun abu da ya taɓa faruwa da shi ya dawo ɗanye, jiki na rawa, ko ya ji kamar ba shi ne a jikinsa ba, amma ya cije don an ce a zauna da duk abin da ya zo. Willoughby Britton ta Jami'ar Brown da abokan aikinta sun yi shekaru suna tattara irin waɗannan labarai, sun kuma wallafa su a 2017. Yana faruwa, kuma ba gazawa ba ce. Buɗe idonka, ka dubi abubuwan da ke cikin ɗakin, ka taka ƙasa da ƙarfi, in ta kama ka fita ka sha iska. Bayan an tashi ka gaya wa malama, ka kuma gaya wa likita in ya maimaitu. Ko a Birtaniya, lokacin da hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya, ta amince da wani reshe na wannan tsari a 2004, ta ba da shawararsa ne ga waɗanda ciwon damuwa ya taɓa kayar da su sau uku ko fiye amma a lokacin sun farfaɗo, don kada ya dawo. Malami na ƙwarai zai tambaye ka tarihin lafiyarka kafin ka fara. Kai ma ka tambaye shi ina ya koya, kuma shi kansa yana zama kullum?

Lokacin tattaunawa bayan zama yana da nasa tarkon. Wata ta ce ta ji kamar tana shawagi, kai kuma ƙaiƙayin hanci kawai ka ji, sai ka ga an bar ka a baya. Ba a bar ka ba, ƙaiƙayin da ka lura da shi daidai yake da shawaginta. Faɗi abin da ka ji ko da "gundura" ce, za ka ga kawuna biyar sun gyaɗa. Abin da ba a so shi ne wani ya buɗe cikinsa kai kuma ka zama likitansa, kana jero masa shawarwari. Saurare kawai ya nema. Abin da aka faɗa a ɗakin kuma a ɗakin yake kwana.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa a aji ba, ni kuwa yana damuna. Wani damuwarsa tana da suna: aikin da ake ɗora masa na mutum uku, ko bashi, ko zaman da ake cutar da shi a ciki. Sai ya mai da lura da numfashi hanyar haɗiye abin da ya kamata ya tashi ya gyara. In ka zauna kwana goma a jere, kullum tunani ɗaya ke dawowa yana ƙwanƙwasa ƙofa, wataƙila ba "tunani" za ka ce masa ka wuce ba. Gama zaman, ka ɗauki biro ka rubuta shi, ka rubuta wanda ya kamata ka yi magana da shi, da ranar da za ka yi.

Saura mako na tara, wanda babu aji, babu malama, babu mai tambayar ka ko ka yi aikin gida. Kafin a watse ranar ƙarshe ka nemi mutum ɗaya, ba biyar ba, ku tsai da rana da lokaci da za ku riƙa zama tare ko da ta waya ce. Za ka yi fashi duk da haka, wataƙila mako biyu, wataƙila wata guda. Ranar da ka tuna, kada ka ce sai ka rama da minti 45. Sa agogo minti biyar, ka jawo kujera.