Zari-ruga na Lig: Kurakuran da Sabon Shiga Ya Fi Yi, a Wajen Kallo da Cikin Fili

Ranar da aka fara kai ni kallon zari-ruga na lig a arewacin Ingila, sai da na yi kusan minti ashirin ina jin haushin 'yan wasan. Ƙato ya rungumo ƙwallo ya ruga ya yi karo da mutum biyu, a kayar da shi, ya tashi ya tura ƙwallon baya da ƙafa, wani ƙaton ya maimaita. Can sai wani siriri ya karɓa ya buga ta sama, ya bai wa abokan hamayya a ɓagas. Da haƙurina ya ƙare na juya na ce wa dattijon da ke gefena, "Baba, mutanen nan ba su da koci ne?" Bai ba ni amsa da baki ba. Da aka sake fara kai hari sai ya ɗaga hannu yana lanƙwasa yatsa ɗaya duk lokacin da aka kayar da mai ƙwallo. Da yatsun suka ƙare ya nuna mini alƙalin wasa, shi ma ya ɗaga hannu sama da yatsu biyar a buɗe.

Wannan shi ne uwar kurakurai: kallon wasan ba tare da ƙirga kamu ba. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo dama shida kawai take da ita. Idan aka kama mai ƙwallo karo na shida, ƙwallo ta koma hannun ɗaya ɓangaren a daidai wurin da aka kama shi. Shi ya sa bayan kamu na biyar kusan kullum za ka ga an buga ta da ƙafa, domin gara ka miƙa wa abokin hamayya ƙwallo a bakin gidansa da ka miƙa masa ita a tsakiyar fili. Kamun farko zuwa na uku galibi na ƙattai ne, aikinsu cin ƙasa mita-mita da gajiyar da masu tsaro. Na huɗu da na biyar a nan masu dabara ke fito da hikima. A da babu wannan iyaka, ƙungiya mai ƙarfi kan riƙe ƙwallo har 'yan kallo su yi hamma. A 1966 aka kawo dokar kamu huɗu, a farkon shekarun 1970 aka mai da shi shida. Maganin wannan kuskure mai sauƙi ne: ka ƙirga da bakinka, ɗaya, biyu, uku, kamar yadda dattijon nan ya yi mini da yatsu. Kafin a tafi hutun rabin lokaci za ka fara hasashen abin da za a yi tun ba a yi shi ba.

Wanda ya raina ƙirgar nan ya tuna wasan ƙarshe na gasar NRL ta Ostireliya a 2019, tsakanin Sydney Roosters da Canberra Raiders. Ana kunnen doki saura 'yan mintuna, alƙali ya yi alamar cewa Raiders sun samu sabbin kamu shida, sannan ya sauya hukunci. Jack Wighton, wanda ya ga alamar farko, ya bari aka kama shi da ƙwallo a hannu alhali kamun ƙarshe ne. Ƙwallo ta koma wurin Roosters, suka tsallaka fili suka ci, aka tashi 14 da 8. Har yau mutanen Canberra ba su huce ba.

Kuskure na biyu, ɗaukar cewa zari-ruga iri ɗaya ce. Iri biyu ce, kuma wadda aka fi gani a talabijin a gasar cin kofin duniya, ta su Afirka ta Kudu da New Zealand, ita ce ta yuniyan mai 'yan wasa 15. Ta lig 13 ce kowane ɓangare. Rabuwar ta faru ne ranar 29 ga Agusta 1895 a otal ɗin George da ke Huddersfield, inda ƙungiyoyin arewacin Ingila suka ɓalle daga hukumar wasan. Dalilinsu kuɗi ne, kuma ni dai ina bayansu: 'yan wasansu leburorin masaƙa ne da mahaƙa kwal, duk wanda ya bar aiki ranar Asabar don wasa sai a yanke masa lada, hukumar kuma ta hana a biya su abin da suka rasa. Da suka tsaya da ƙafarsu sai suka shiga gyara dokoki don wasan ya yi sauri ya jawo masu sayen tikiti. A 1897 suka soke jifar gefe da ake ɗaga mutum sama ya cafe, a 1906 suka rage 'yan wasa zuwa 13. Saboda haka idan ka ga an yi layi biyu a gefen fili ana cilla mutum sama, ko an yi cincirindo a kan wanda ya faɗi ana ƙwace ƙwallo, ba lig kake kallo ba.

A lig, da zarar an gama kamu, masu tsaro dole su sake shi. Ya tashi tsaye, ya fuskanci gidan abokan hamayya, ya ajiye ƙwallo a ƙasa ya tura ta baya da ƙafa, wani abokinsa da ke tsaye a bayansa ya ɗauka. Wannan ɗan aikin na daƙiƙa uku ko huɗu shi ne zuciyar wasan, kuma a nan sabon ɗan wasa ke yawan jawo wa ƙungiyarsa hukunci. Wani yakan tura ƙwallon tun gwiwarsa na ƙasa. Wani ya tura ta a karkace yana kallon gefe. Wani ya mirgina ta da hannu ya tsallake ba tare da ya ko yi yunƙurin taɓa ta da ƙafa ba. Gyaran shi ne maimaici: a ware minti goma a kowane atisaye, a faɗi, a tashi, a tura, har jiki ya haddace. A ɓangaren masu tsaro kuma, mutum biyu kaɗai aka yarda su tsaya gaban mai turawa, ɗaya a bayan ɗaya. Sauran duka sai sun ja baya mita 10, inda alƙali yake tsaye. Wanda ya taso bai kai can ba ya yi satar gida. Wannan ja da baya da dawowa, sau ɗaruruwa cikin minti 80, shi ke cinye huhun mutum. A manyan gasa tun 2020, idan mai tsaro ya kwanta a kan wanda ya kama don ɓata lokaci, alƙali kan ƙyale wasa ya ci gaba ya sabunta wa masu hari kamu shida.

Mu da muka tashi da ƙwallon ƙafa muna da wata cuta ta musamman: da ka ga abokinka da ƙwallo sai ƙafarka ta kai ka gaba neman fili. A zari-ruga wanda ke gaban mai ƙwallo ba shi da amfani, don ba a miƙa ƙwallo gaba da hannu. Baya ake jefa ta ko gefe. Sai ka koyi tsayawa a bayan kafaɗarsa, ka taso da gudu ka karɓa kana kan sauri. Abin da alƙali ke dubawa shi ne inda hannuwan mai jifa suka nufa lokacin sakin ƙwallon, domin wanda ke gudu ko baya ya jefa, gudunsa kan ja ƙwallon gaba kaɗan. Kada ka yi saurin zagin alƙali a kan wannan. Haka in ƙwallo ta suɓuce daga hannunka ta yi gaba ta taɓa ƙasa ko jikin abokin hamayya, ka yi asararta. In ka sake cafe ta kafin ta taɓa wani abu, wasa ya ci gaba.

Lissafin maki ma yana ruɗa mutane. Babban ci shi ne tirai, wato ka dangwala ƙwallo a kan layin gidan abokan hamayya ko bayansa, da matsi daga hannu ko ƙirji. Tsallake layin kawai bai wadatar ba. Tirai maki 4 ne, bugun da ke biye da shi tsakanin turaku biyu saman sanda maki 2, bugun hukunci maki 2, bugun da ake sakin ƙwallo ta taɓa ƙasa a buge ta ana cikin wasa maki 1. A NRL tun 2021 wannan na ƙarshe yakan zama 2 idan daga mita 40 ko fiye aka buga. Abin da sabon ɗan wasa ke mantawa shi ne bugun bayan tirai ana yin sa ne daidai saitin inda aka dangwala ƙwallo. In kana da sarari, ka zagayo kusa da turaku kafin ka ajiye.

Wasan ƙarshe na NRL a 2015 ya tattara duk wannan cikin minti biyar. Brisbane Broncos na gaba da 16 da 12, lokaci ya ƙare, sai Kyle Feldt na North Queensland Cowboys ya dangwala tirai a can lungun kusurwa. An yi kunnen doki. Johnathan Thurston ya ɗauki bugun daga bakin layin gefe, ƙwallo ta lanƙwaso kamar za ta shiga, ta daki turke ta fito. Aka shiga ƙarin lokaci na wanda ya fara ci ya yi nasara. A bugun farko, Ben Hunt na Broncos ya tsaya zai cafe dab da layinsu, ƙwallo ta suɓuce masa ta yi gaba. Cowboys suka karɓa, Thurston ya saki ƙwallo ya buga ta tsakanin turaku. Maki ɗaya, 17 da 16, kofinsu na farko a tarihi.

Sai maganar kamu, wadda ba na son a yi mata riƙon sakainar kashi domin lafiya ce. Ba a sa wa mutum ƙafa. Ba a taɓa wuya ko kai. Ba a ɗaga shi a kifa kansa ƙasa. Bangaza da kafaɗa ba tare da rungumewa ba an haramta shi tun 2013. Laifi mai nauyi na jawo zaman minti 10 a waje ko kora gaba ɗaya. Amma kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda mai kamun ke yi wa kansa: ya sunkuyar da kai ya rufe ido ya sa kansa gaban gwiwa ko ƙugun mai tahowa. Kai a gefen jikinsa yake zama, ido a buɗe, kafaɗa ta shiga, hannuwa su rungume, ƙafafu su ci gaba da turawa. Duk wanda ya bugu a kai ya ji jiri, ya fita, kada kunya ko zugar abokai ta mayar da shi.

Lambobin riga su ne tarkon wanda ya saba da yuniyan, don a lig daga baya ake fara ƙirgawa. Lamba 1 shi ne na can baya, mai cafe dogayen bugu da tsara layin tsaro da murya. A wasan zamani yakan kutso cikin hari, kamar yadda Billy Slater ya yi suna a Melbourne Storm. Lamba 2 da 5 'yan gefe ne masu gudu. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Martin Offiah, haifaffen Landan ɗan iyaye 'yan Nijeriya, wanda ya ci tirai sama da 500 a rayuwarsa, har da guda 10 a wasa ɗaya da Wigan ta yi da Leeds a 1992. Lamba 3 da 4 suna tsayawa kusa da 'yan gefen ta cikin fili, su ke fasa layi su saki ƙwallo gare su. Lamba 6 da 7 su ne ƙwaƙwalwa, su ke yanke shawarar inda za a bi da irin bugun da za a yi a kamun ƙarshe. Daga 8 zuwa 13 'yan gaba ne: 8 da 10 ƙattan tsakiya masu cin ƙasa, 11 da 12 suna aiki ta gefe-gefe, 13 ya haɗa ƙarfi da iya miƙa ƙwallo. A benci yawanci mutum huɗu ne, kuma wanda ya fita yana iya dawowa, sai dai yawan canjin yana da iyaka. A gasar Super League ta Ingila kowa na da lambarsa ta kakar wasa, don haka can kada ka dogara da riga, ka dubi inda mutum yake tsayawa.

Kocin da ke raba matsayi da ido, babba ya je gaba ƙarami ya je gefe, yana zubar da baiwa. Rob Burrow na Leeds Rhinos tsayinsa bai wuce santimita 165 ba, amma a wasan ƙarshe na Super League na 2011 ya sunkuya ya bi ta ƙarƙashin hannuwan 'yan St Helens ya ci tirai da har yanzu ake maimaita hotonsa. Ya rasu a 2024. Ina fatan masu horar da yara a Nijeriya da Ghana, inda wasan ya fara tsiro har ƙasashen biyu suna fafatawa a gasar Gabas ta Tsakiya da Afirka, za su riƙa tuna shi kafin su sallami yaro don ƙanƙantarsa.

Na bar lamba 9 a ƙarshe da gangan, don shi sabon ɗan kallo bai cika lura da shi ba. Sunansa huka, daga kalmar ƙugiya, saboda a da shi ke jawo ƙwallo da ƙafa a turereniyar mutum shida-shida da ake yi bayan ƙwallo ta suɓuce. Yanzu turereniyar ta zama kusan al'ada kawai, wanda ya saka ƙwallo shi ke ɗauka. Ainihin aikin lamba 9 shi ne tsayawa bayan mai tura ƙwallo da ƙafa, don haka kusan kowane hari daga hannunsa yake farawa, ga shi kuma yana cikin waɗanda suka fi kowa yawan kamu. Cameron Smith ya buga wasa 430 a NRL, galibi a wannan matsayi, ba shi ne ya fi gudu ba, ba shi ne ya fi girma ba. A wasa na gaba da za ka kalla, ka ɗauke ido daga ƙwallon na minti goma ka bi lamba 9 kaɗai. Ka lura da inda yake waigawa kafin ya sunkuya: idan ya ga masu tsaro ba su gama ja da baya ba, ko ɗaya daga cikin biyun da ke gabansa har yanzu yana ƙasa, ba zai miƙa wa kowa ba, da kansa zai ɗauka ya bi ta tsakiyarsu.