Kurakuran da Aka Fi Yi Game da Tsoffin Masallatan Indiya Masu Sassaƙar Hindu

Duk wanda ya taɓa ganin hoton masallacin Quwwat-ul-Islam da ke Mehrauli, a kudancin birnin Delhi, ya san abin da ke fara kama ido. Ginshiƙai ne na dutse cike da sassaƙa: ga furen bado, ga ƙararrawa rataye da sarƙa, ga tulu da ganye ke zubowa daga bakinsa, wani wurin har da siffar mutum da aka goge wa fuska. Da an sa irin wannan hoto a Facebook sai musu ya kaure. Wasu su ce ai duk masallatan Indiya gidajen gumaka ne da aka ƙwace, wasu su ce wannan ƙage ne na maƙiya. Kowane ɓangare ya yi gaggawa, domin abubuwa daban-daban ne aka cuɗa a ƙwarya ɗaya.

Babban kuskuren shi ne rashin bambance dutsen da aka ciro daga wani gini da dutsen da aka sassaƙa sabo da hannun maginin gari. A masallacin Delhi akwai duka biyun. Qutbuddin Aibak, jagoran yaƙin Muhammad na Ghor, ne ya fara gina shi jim kaɗan bayan sojojinsu sun ci sarkin Hindu Prithviraj Chauhan a yaƙin Tarain na 1192. Rubutun da ke ƙofar gabas ya faɗa da bakinsa cewa an yi amfani da kayan wuraren bauta 27. Don haka mai cewa ba a rushe komai ba yana musu ne da masallacin kansa, kuma wannan musu ba ya kare mutuncin kowa. Dutsen aro ba shi da wuyar ganewa. Ginshiƙan rumfunan ba su yi daidai da juna ba, an ɗora wani a kan wani don a samu tsawo, zanen na sama bai ci gaba daga na ƙasa ba, siffofin mutane kuma an farfasa su ko an juya su ciki.

Amma a matsa gaba kaɗan zuwa katangar bakunan gizo da aka tsayar a gaban ɗakin salla wajen 1199. Wannan ba a ciro ta daga ko'ina ba. Sabon aiki ne, ayoyin Alƙur'ani na hawa jikinta, reshe mai ganye da fure na nannaɗe da haruffan. Wanda ya ba da aikin yana son masallaci irin na Khurasan, masu riƙe da guduma kuwa 'yan ƙasa ne da suka gāji sassaƙa kaka da kakanni, sai suka yi abin da aka nema da hanyar da suka sani. Idan an ga bado a masallaci, tambayar farko ita ce: an sassaƙa shi ne don wannan wuri, ko an kawo shi ne daga wani? Bado shi kaɗai ba ya ba da amsa.

Hujja mafi ƙarfi a ganina tana Bhadreshwar, tsohuwar tashar jiragen ruwa a yankin Kutch na Gujarat. Akwai gine-ginen Musulmi a can tun tsakiyar ƙarni na 12, kafin a ci Delhi. 'Yan kasuwa ne suka gina su a ƙarƙashin sarakunan da ba Musulmi ba, da ginshiƙai da rufi irin na gari sak. Ba su da soja, ba su da ikon rushe ko bukka. Maginan da ke akwai suka ɗauka, kamar yadda duk baƙo zai yi.

Kuskure na gaba na masu sha'awar fasahar gini ne: su ga baka mai tsini su ce ai ga fasahar Farisa ta iso. A tsaya a duba layukan da ke tsakanin duwatsun. Maginan Indiya sun saba da ginshiƙi biyu a gicciya dogon dutse a kansu, kamar yadda ake ɗora azara. Da aka ce su yi baka, sai suka jera duwatsu a kwance, kowanne ya ɗan leƙo gaba da na ƙasansa, har gefen biyu suka haɗu a sama, sannan aka sassabe cikin ya yi siffar baka. Haka bakunan katangar Aibak suke, har da na tsakiya mai tsawon kusan mita 16. Bakan gizo na haƙiƙa kuwa duwatsunsa masu faɗi ne a sama suna tsukewa a ƙasa, suna tokare juna, layukansu na bazuwa kamar hasken rana daga tsakiya. Idan layukan a kwance suke har sama, aikin jere ne. Ana yawan ambaton kabarin Sarkin Delhi Balban, wanda ya rasu a 1287, a matsayin farkon wurin da baka na haƙiƙa ya bayyana a ginin sarakunan Delhi. A cikin harabar Qutb ɗin kanta, ƙofar Alai Darwaza ta Alauddin Khalji, ta 1311, ita ce misalin da ba ya buƙatar dogon bayani. Tafiyar minti biyu ce tsakanin katangar da ƙofar, amma shekara ɗari da 'yan kai ne na koyon sana'a. Ƙubbobin farko ma da aikin jere aka yi su, da'ira kan da'ira tana tsukewa, irin rufin zauren haikali.

Sai kalmar "Hindu" da ake yafa wa komai. Ginshiƙan Delhi daga wuraren bautar Hindu da na mabiya addinin Jain suka fito. Salon Gujarat kuwa na kowa ne: da shi aka gina haikali, da shi aka gina rijiya mai matakala, da ƙofar gari, da gidan attajiri. Rumfar dutse da ke leƙowa daga katanga don tare rana da ruwan damina, wadda suke kira chhajja, ba ta da addini, kamar yadda indararo ba shi da shi. Haka 'yar laimar dutse da ake ɗorawa a kan rufi, chhatri, da tagar da ke fitowa waje, jharokha. Ya fi daidai a ce salon Gujarat, ko na Bengal, ko na Kerala. A babban masallacin Juma'a na Ahmedabad, wanda Ahmad Shah ya kammala a 1424, ginshiƙai 260 ne ke ɗauke da ƙubba 15, wanda ya shiga kuma zai ji kamar yana zauren haikali. Amma a dubi abin da ya faru da sarƙar nan. A haikali ƙararrawa take riƙewa, a masallatan Gujarat sau da yawa fitila ce ke rataye da ita a cikin mihirabi, abin da ke tuno ayar haske ta Suratun Nur.

Wasu kuma komai suka gani sai su ce aikin Mughal ne. Babur, wanda ya kafa daular Mughal, bai ci Delhi ba sai 1526. Masallacin Adina na Pandua, da Sikandar Shah ya gina a shekarun 1370, da na Atala a Jaunpur na 1408, da na Ahmedabad, duk sun riga shi. Mughal ɗin ma gadon wannan haɗi suka ci. Rufin nan mai lanƙwasa na Bengal, wanda asalinsa bukkar gora ce ta manoma, daga masallatai da kaburburan jan bulo na can ya yi tafiya har ya zama farin marmara a fadar Lahore.

Akwai kuskuren da mu Hausawa muka fi faɗawa, wato na alƙibla. Bakinmu ya saba da cewa an fuskanci gabas, har kalmar ta zama kamar sunan alƙibla. A Indiya Makka tana yamma. Saboda haka mihirabi na katangar yamma, babbar ƙofa kuma galibi tana gabas. Mai kallon taswirar gini da idon gida zai zaci an juya masallacin baya, ya ɗauka shaida ce ta cewa asalinsa wani abu ne. Abin dubawa shi ne fasalin ɗakin. Zuciyar haikalin Hindu ƙaramin ɗaki ne mai duhu inda gunki yake, ba a taruwa a cikinsa. Masallaci kuwa faɗi yake nema saboda sahu, doguwar katanga ɗaya tana kallon alƙibla. Ko da duk ginshiƙan na aro ne, sai an sake jera su kafin a samu sahu.

Rashin ƙubba da hasumiya ma kan ruɗi mutane. Masallacin Mishkal a Kozhikode, a gaɓar Kerala, wani attajirin mai jiragen ruwa ne ya gina shi a ƙarni na 14. Bene ne na katako mai rufi hawa-hawa mai gangare, domin ruwan saman Kerala ba ya wasa da shimfiɗaɗɗen rufi, kuma kafintocin da ke akwai su ne masu gina haikali da gidan sarki. Masallacin Juma'a na Srinagar a Kashmir, na zamanin Sultan Sikandar wajen 1400, ginshiƙan itace ne da rufi mai tsini. Haka abin yake har tsibirin Jawa a Indunusiya, inda masallacin Demak na ƙarni na 15 ke da rufi hawa uku a kan manyan ginshiƙan itace huɗu. Hasumiyar Kudus ta 1549 kuwa jan bulo ce mai siffar gine-ginen daular Majapahit ta mabiya Hindu da Buddha, da ganga a samanta da ake bugawa idan lokacin salla ya yi.

Sauran kurakuran na suna da lissafi ne, kuma gyaransu ɗaya: kada a ɗauki suna a matsayin shaida. Sunan Quwwat-ul-Islam daga baya ya zo, rubutun farko masallacin Juma'a kawai ya kira shi. Masallacin Ajmer da ake kira Adhai Din ka Jhonpra, wato rumfar kwana biyu da rabi, ba a kwana biyu da rabi aka gina shi ba, don har zamanin Sarkin Delhi Iltutmish ana ƙara masa gini. Shekarar 629 da ake liƙa wa masallacin Cheraman a Kodungallur labarin baka ne na kafuwarsa, ginin da ke tsaye an sha sabunta shi. Dogon ginshiƙin ƙarfen da ke tsakiyar harabar masallacin Delhi ya girme shi da kusan shekara 800, daga zamanin daular Gupta yake. Masallacin Bagerhat a Bangladesh kuma, na Khan Jahan Ali, sunansa "mai ƙubba sittin", amma wanda ya hau ya ƙirga zai samu 77 a rufi, ban da huɗu na kan hasumiyoyin kusurwa. Bakwai na layin tsakiya ma ba zagayayyu ba ne, masu fuska huɗu ne irin rufin bukkar Bengal. Sittin ɗin a ƙasa suke, su ne ginshiƙan dutsen da ke ɗauke da rufin.