Kada ka jira sai ta kai maka wuya: shawara ga sababbin zuwa Ingila

Yawancinmu a watan Satumba muke sauka ƙasar nan, lokacin da ake buɗe makarantu, rana tana da sauran haske, zumuɗin zuwa Turai bai gushe ba. Nauyin yana zuwa ne a Disamba. Kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, ka yi Azahar da La'asar da Magariba kusan a jere, ka koma ɗakin da ba mai yi maka sallama. Ga kuɗin haya, ga kiran waya daga gida ana jiran aike. Tun farkon 2024 kuma aka hana yawancin ɗalibai da masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyalansu, don haka da yawa su kaɗai suke.

Kewar gida ba cuta ba ce. Amma idan ka yi mako biyu ko fiye barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, abin da ke sa ka nishaɗi ya daina, kana jin kai kaya ne a wuyan mutane, to wannan ya wuce kewa. Ciwon damuwa ne, kuma yana da magani.

Na san abin da ke hana mu magana. A gida da an ce asibitin ƙwaƙwalwa sai hankali ya tafi Dawanau ko Kware, sai a ce wane ya zautu, har auren ƙannensa ya shiga matsala. Wani kuma zai ce maka ƙarancin tawakkali ne. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, ba a kuwa ce imaninsa ya ragu ba. Kuma an umarce mu da neman magani. Ka yi addu'arka, ka yi azkar, ka je wurin malaminka ko fastonka, sannan ka ga likita.

Shirun nan yana da tsada a kanmu musamman. Alƙaluman hukumar lafiya ta NHS sun daɗe suna nuna cewa yiwuwar a tsare baƙar fata a asibiti ƙarƙashin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983 ta ninka ta farar fata fiye da sau uku. Wariya tana da hannu a ciki, ba a musu. Amma akwai kuma jinkiri: mutanenmu kan isa asibiti ne bayan abu ya ɓaci, wani lokaci a motar 'yan sanda. Wanda ya je da ƙafarsa tun da wuri, shi ke zaɓar irin taimakon da za a yi masa.

Saboda haka, a makonka na farko ka yi rajista da likitan unguwa, wanda ake kira GP. Kyauta ne, kuma a Ingila ba dole sai ka nuna shaidar adireshi ko takardar zama ba. Idan Turancinka bai nuna ba, ko kuma abin da ke ranka ba ya fitowa sai da Hausa, ka nemi tafinta tun lokacin da kake neman ganin likita. Ba za ka biya ba. Kada ka sa ɗanka ko maƙwabci ya yi maka tafinta a irin wannan magana. Akwai kuma shirin NHS Talking Therapies, inda ake zama da ƙwararre a tattauna, wanda za ka iya miƙa sunanka da kanka ta intanet. Layin yakan yi tsawo, shi ya sa ake shiga da wuri. Idan wanda aka haɗa ka da shi bai fahimci addininka ko al'adarka ba, ka faɗa, ka nemi a sauya. 'Yar uwa kuma tana iya neman mace.

Sai babbar maganar, wato tunanin kashe kai. Mu da muka taso a Arewa mun san dokar Penal Code ta ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi. A Ingila an soke wannan tun 1961. Ba wanda zai kai ka kotu don ka faɗi abin da ke zuciyarka. Ƙungiyar Samaritans, wadda aka kafa a Landan a 1953, tana amsa waya dare da rana a 116 123, kyauta, ba sai ka faɗi sunanka ba. Idan magana ta yi nauyi, tura saƙon SHOUT zuwa 85258. Lambar 111, layin NHS na neman shawarar lafiya, tana da ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. Matasa Musulmi kuma suna da layin taimako na Muslim Youth Helpline. Idan rai yana cikin haɗari yanzu, 999 za ka kira, ko ka nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa.

Ku kuma yayyenmu da kuka riga mu zama, nauyin yana kanku. Wanda ya daina zuwa Juma'a, ya daina ɗaga waya, ko ya fara cewa "gara ma in huta", kada a sallame shi da "sai haƙuri". Je ka same shi, ka tambaye shi kai tsaye: "Ɗan uwa, kana tunanin kashe kanka ne?" Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma ita ke sauke masa nauyi. In ya ce e, ka ajiye wa'azin wuta a gefe, ya riga ya san hukuncin. Ka saurare shi, ka kawar da magunguna da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, kada ka bar shi shi kaɗai, ku kira lambar tare. Kuma kada labarin ya fita zuwa zauren WhatsApp na 'yan gari, domin tsoron hakan ne ya sa ya yi shiru tun farko.