Yadda Ake Rage Zafin Na'urar Sarrafa Gudu a Motocin Rimot

Na'urar sarrafa gudu, wadda aka fi sani da ESC, ita ce ke tsakanin batir da injin motar rimot, tana auna wutar da za ta wuce gwargwadon yadda direba ya matsa. A cikinta akwai ƙananan makunnai da ake kira MOSFET, waɗanda ke kunnawa suna kashewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, kuma su ne tushen mafi yawan zafin. Zafin nan ba ya ƙaruwa daidai da wutar: idan wutar da injin ke ja ta ninka sau 2, zafin da ke tasowa yakan ninka kusan sau 4. Saboda haka, rage nauyin da ke kan injin ya fi sayen babbar fanka amfani nesa ba kusa ba.

Fara da awo. Ka tuƙa motar na minti 5 kamar yadda ka saba, ka tsayar da ita, ka ɗora ma'aunin zafi na infirared a kan haƙarƙarin alminiyam mai fitar da zafi da ke saman na'urar. Ƙasa da digiri 70 na Salsiyas babu abin damuwa, amma in ya haura 80 sai a tashi tsaye. Na'urori da yawa suna yanke wuta da kansu a wajen digiri 105, sai dai wannan kariya ce ta ƙarshe, bai kamata a riƙa kai ta can ba.

Daga nan sai giya, domin a nan matsalar ta fi ɓuya. Ƙaramar giyar da ke bakin injin, idan haƙoranta sun yi yawa, tana ba da gudu amma tana sa injin jan wuta fiye da kima. Ka sauya ta da wadda ta gaza da haƙori 1 ko 2, ka sake awo. Wajen ɗaurawa, ka sa ɗan yankin takarda tsakanin ƙaramar giyar da babbar giyar da take juyawa, ka matse, ka ɗaure, sannan ka zare takardar. Ɗan sararin da ta bari shi ake so. Ka ɗaga motar ka juya tayoyin da hannu, in ka ji suna cijewa, to akwai boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da sanda ke juyawa a cikinsa, da ya ci ƙasa ko ciyawa ta naɗe sandar taya. Manyan tayoyi, doguwar ciyawa, yashi, da ƙaura daga batirin LiPo, wato na litiyam, mai ɗaki 2 zuwa mai ɗaki 3 wanda ya fi ƙarfin wuta, duk suna ƙara nauyi, kuma suna buƙatar a rage haƙoran ƙaramar giyar.

Sai bayan wannan ake maganar iska. Fanka mai faɗin milimita 25 ko 30 ta wadatar da yawancin motoci, muddin tana hura iska ƙasa cikin haƙarƙarin, kuma ƙarfin wutar da aka jona mata ya dace da wanda aka rubuta a jikinta. Ƙura da ke cushe tsakanin haƙarƙarin tana hana zafi fita, don haka a share ta da busasshen buroshi bayan kowane tuƙi. Fanka kuma ba ta da amfani idan iskar da ke cikin bodi mai zafi ce, shi ya sa ake huda bodin a gaba inda iska za ta shiga, a kuma huda baya inda za ta fice. Idan haƙarƙarin irin wanda ake cirewa ne, a shafa man isar da zafi siriri ƙwarai a ƙarƙashinsa, domin mai kauri tare zafin yake yi.

Wayoyi ma a duba su. Mahaɗin da ya saki ko liƙin dalma da ya dushe yakan yi zafi har ya shafi na'urar. Kada a tsawaita wayoyin da ke tsakanin batir da ESC, domin hakan na wahalar da kafasito, wato ɗan abin da ke daidaita wutar da ke shiga na'urar. In tilas ne, a ƙara kafasito kusa da na'urar. Kowane gyara a yi shi shi kaɗai, a sake awo kafin a taɓa na gaba.