Kafin ka zaɓi manhajar da za ta zama idon kyamararka

Wani Alhaji mai sito a Dawanau ya ba ni aikin haɗa kyamarar da za ta riƙa ƙirga buhunan da 'yan dako ke lodawa a tirela. Mako biyu na kwashe ina kokawa da OpenGL, kayan aikin zana hoto a kwamfuta, don hoto ya fito tas a allo, ko buhu ɗaya ban ƙirga ba. Ranar da ya leƙo ya ce, "Malam, nawa ta ƙirga?" sai na hau sosa ƙeya.

Fara da lissafi. Kyamara mai ba da hoto 30 a daƙiƙa ta bar maka kashi 33 kacal cikin 1000 na daƙiƙa a kan kowane hoto, kuma a ciki za ka ɗauko shi, ka gano buhun, ka zana masa akwati, ka nuna. Hoto mai girman 1920 da 1080 ya haura megabait 6, mai 640 da 480 kuwa bai cika ɗaya ba. Buhun masara ba allura ba ne. Da na rage girman, rabin ciwon kaina ya tafi.

Sannan ka ɗauki OpenCV, manhajar sarrafa hoto, ka yi aiki da ita a yaren kwamfuta na Python. Kyauta ce, asalinta daga Intel, kuma da umarninta biyu, VideoCapture mai ɗauko hoto da imshow mai nuna shi, za ka ga kanka a allo kafin shayinka ya huce. Sai dai tana jera launi a BGR, shuɗi a gaba, yawancin sauran manhajoji kuma RGB, mai ja a gaba, suke jira. Ranar da na miƙa hoton ga Qt, manhajar ƙera taga da maɓallai a allo, jar hular wani ɗan dako ta koma shuɗiya. Layi ɗaya na cvtColor, umarnin sauya jerin launi, ya gyara.

Inda na fi shan wuya shi ne jinkiri. Kyamarar tsaro mai turo hoto ta RTSP, wato hanyar aika bidiyo ta intanet, ba ruwanta da ko ka gama. Turowa kawai take, hotuna su yi ta taruwa a layi. Sai ka ga ɗan dako ya sauke buhu har ya juyo, a allo kuwa yanzu yake hawa katakon. Raba aikin gida biyu: ɓangare ɗaya ya riƙa ɗauko hoto yana ajiye na ƙarshe kaɗai, ɗayan ya yi ƙirga a kan wanda ya tarar. Kada ka ji tsoron zubar da tsofaffin. Mutumin da ke ɗauke da buhu a ka ba gudu yake ba, hoto 10 a daƙiƙa ya ishe ni. GStreamer, manhajar jigilar bidiyo, ma tana yin haka idan ka sa wa appsink, sashenta mai miƙo maka hoton, drop=true da max-buffers=1, amma duba getBuildInformation, umarnin da ke nuna abin da ke cikin OpenCV ɗinka, tukuna, don ba kowace OpenCV ce aka gina da GStreamer ba.

In kyamarar ta USB ce, nemi ta ba ka MJPG, wato matsattsen hoto. Megabit 480 na USB 2.0 ba zai ɗauki ɗanyen hoto mai 1080 sau 30 a daƙiƙa ba.

Qt sai lokacin da mai sito ke son maɓallin da zai latsa. OpenGL sai ka auna ka ga zanen ne ke cinye lokacin, misali kyamarori da yawa a allo ɗaya. CUDA kuma, mai ɗora lissafi a kan katin hoto don ƙara gudu, a kan katin Nvidia kawai take aiki, ka sani kafin ka zuba kuɗinka.

Gwajin ƙarshe ka yi shi a inda na'urar za ta zauna. Ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi tana rage gudu da kanta idan zafinta ya kai wajen digiri 80 a ma'aunin Celsius, kuma sito mai rufin kwano a watan Afrilu ba ya wasa. Tawa a ɗakina lafiya lau take, a Dawanau kuwa azahar na yi sai ta soma jan ƙafa. Na ɗaura mata ƙaramar fanka, na kuma bar wa yaron sito tsumma ya riƙa goge ƙurar gilashin kyamarar kowace safiya.