Yadda ake kiran mutumin wata ƙasa da Hausa ba tare da an yi kwaɓa ba

Masu koyon fassarar labarai sun fi yin tuntuɓe a wuri ɗaya: da sun ga Bahaushe da Bafaranshe, sai su ɗauka kowace ƙasa ake liƙa wa "ba". A haka ake samun su "Banajeriye" da "Bakamarune", kalmomin da ba mai faɗinsu a kasuwa.

Fara da "ɗan", "'yar" da "'yan". Ɗan Najeriya, 'yar Ghana, 'yan Kamaru. Wannan ba ya ba da kunya, kuma shi kaɗai ne ke ɗaukar dogon suna irin Sudan ta Kudu ko Afirka ta Kudu. In kana sauri, tsaya nan.

Sai ka tambayi kunnenka ko Hausawa sun riga sun yi wa mutanen suna da "ba". Akwai Ba'amurke, Ba'indiye, Baturke, Bajamushe, Bafalasɗine. In ba ka taɓa jin kalmar a rediyo ko a bakin manya ba, kada ka ƙirƙira.

To ga inda ake faɗuwa. Idan "s" ce baƙin ƙarshe a sunan, tana komawa "sh" a gaban "e" ko "i": Faransa ta ba da Bafaranshe da Bafaranshiya, Jamus ta ba da Bajamushe. Irin ƙa'idar ce ta mayar da mutumin Sakkwato Basakkwace, inda "t" ta koma "c". Amma a jam'i "ba" tana faɗuwa, "s" ta dawo: Faransawa, Jamusawa, Amurkawa. Ba a cewa "Bafaransawa". Kuma in sunan ya fara da wasali, sa alamar ɗauri ('): Ba'amurke, ba "Baamurke" ba.

Sannan ka duba ko asali kake nufi ko takardar zama ɗan ƙasa. Mesut Özil, wanda ya ci kofin duniya da Jamus a 2014, ɗan Jamus ne, amma asalinsa Baturke ne. Kurdawan Turkiyya kuwa 'yan Turkiyya ne, ba Turkawa ba. Ni dai a labarin siyasa da na ƙwallo "ɗan" nake sawa, ya fi kawar da rigima. Balarabe da Bature ma ba sunan ƙasa suke bi ba, shi ya sa ake cewa Baturen Ingila.

Harshe kuma "-anci" ne: Faransanci, Jamusanci, Turkanci. Ɗan Nijar daban, ɗan jihar Neja daban. Kongo biyu ce, sai ka faɗi ta Kinshasa ce ko ta Brazzaville.